TAICI: DAGA FAGEN FAMA ZUWA ƊAKIN MAI JINYA



Duk wanda ya taɓa karaya ko mugun targaɗe ya san ranar kwance ɗori ba ita ce ranar warkewa ba. Ƙafa ta saki, gwiwa na rawa, ga fargabar sake faɗuwa. A irin wannan hali mutane da yawa a duniya kan koma ga Taici, motsa jikin nan na Sinawa da ake yi sannu sannu kamar mai tafiya cikin ruwa. Amma asalinsa faɗa ne.

Almara ta ce wani mai suna Zhang Sanfeng ne ya ƙago shi bayan ya kalli faɗan maciji da tsuntsu. Masana tarihi kuwa sun fi karkata ga ƙauyen Chenjiagou a lardin Henan, inda wani jami'in soja, Chen Wangting, ya zauna bayan faɗuwar daular Ming a 1644. Shi ake jingina wa haɗa dabarun dambe da sarrafa numfashi. Abin ya zama gadon gida, ba kasafai ake koya wa bare ba, har sai da Yang Luchan (1799-1872) ya samu shiga. Ya yi shekaru yana koyo, sannan ya kai shi Beijing, inda ya koyar da 'yan gidan sarauta da dakarunsu.

Jikansa Yang Chengfu (1883-1936) shi ya sauya wa abin kama. Ya rage tsalle da buga ƙafa da ƙasa, ya mayar da motsin mai faɗi, mai natsuwa. Daga nan tsoho da mai rauni suka samu wurin shiga.

Cikin ɗalibansa akwai Zheng Manqing, mai zane kuma masanin maganin gargajiya, wanda tarin fuka ya kama tun yana matashi, a zamanin da ba a gano maganin cutar ba tukuna. Shi da kansa ya riƙa cewa Taici ne ya dawo masa da lafiya. Ya taƙaita motsin zuwa 37, ya koma New York a 1964, ya yaye ɗalibai da dama a Amurka. A can gida kuma, a 1956 hukumar wasanni ta Sin ta fitar da tsari mai motsi 24 wanda ake gamawa cikin kusan minti shida, don kowa ya iya.

To amma shaidar mutum ɗaya ba ta isa hujja ba, shi ya sa likitoci suka gwada. A 1996 aka wallafa binciken Steven Wolf na Jami'ar Emory kan tsofaffi 200 masu shekara 70 zuwa sama: waɗanda suka yi mako 15 suna Taici, haɗarin yawan faɗuwarsu ya ragu da kusan rabi. A 2016 kuma wani bincike a Boston kan mutum 204 masu ciwon gwiwa ya nuna amfaninsa ya yi kunnen doki da na atisayen da ake ba su a asibiti. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kana ɗora nauyinka a ƙafa ɗaya, ka mayar ɗaya a hankali, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Cinya na ƙara ƙarfi, jiki na sake koyon tsayuwa, tsoro na raguwa. A Disambar 2020 UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da aka gada.

Ga mai son farawa a gida, a kula. Taici ba ya haɗa ƙashi, kuma ba ya maye gurbin likita. Sai likita ya ce ƙashi ya kama. Ka fara da minti biyar kusa da bango ko kujera, gwiwa na fuskantar inda yatsun ƙafa suka nufa, kada a murɗa ta. In zafi ya soka, ka tsaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda ke jinya a cikinmu, Allah ya ba shi lafiya. Sai mako mai zuwa.