MONIKA: UWAR DA BA TA GAJI DA ADDU'A BA

Yau za mu buɗe tarihin ikkilisiya, mu ga wata uwa 'yar Afirka mai suna Monika, da abin da Allah ya yi ta wurin addu'arta.

Monika ta zauna a garin Tagaste, wanda yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. Ita mai bi ce tun tana ƙarama, amma an aurar da ita ga Fatirishiyus, mutum mai zafin rai wanda bai san Ubangiji ba sai gab da mutuwarsa. A shekara ta 354 ta haifi ɗa, aka sa masa suna Agustin. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, iyayen kuwa suka ƙoƙarta suka tura shi karatu birnin Kartej, kusa da Tunis ta yanzu, yana da wajen shekara 17.

Can ne zuciyar uwar ta fara karyewa. Agustin ya ajiye mace ba aure, suka haifi ɗa mai suna Adiyodatus. Ya kuma shiga addinin mabiya Mani, masu raina Tsohon Alkawari, ya yi kamar shekara 9 a cikinsu. Da ya dawo gida da wannan koyarwa, Monika ta hana shi zama a gidanta na ɗan lokaci, daga baya ta sake buɗe masa ƙofa. Ta je wurin wani bishop ta roƙe shi ya yi muhawara da yaron. Bishop ɗin ya ƙi, domin ya ga girman kai ya cika saurayin, ba zai ji ba tukuna. Ya shawarce ta ta ci gaba da addu'a, ya kuma tabbatar mata cewa hawaye irin nata ba za su zuba a banza ba.

Haka kuwa ta yi. Agustin da kansa ya shaida cewa sau biyu a rana take zuwa sujada, safe da yamma, ba fashi.

A shekara ta 383 ya yi niyyar tafiya Roma. Uwar ta bi shi har bakin teku tana roƙo kada ya tafi. Ya ruɗe ta, ya ce abokinsa zai raka, ya bar ta a wani ɗakin addu'a kusa da tashar jiragen ruwa. Ta kwana tana kuka ga Allah ya hana tafiyar. Gari ya waye, jirgi ya tashi da ɗanta.

'Yan'uwa, ku lura da wannan wuri. A idonta Allah ya ƙi amsawa. Ashe wannan tafiya ce hanyar ceto. Daga Roma Agustin ya sami aikin koyarwa a Milan a 384, inda Bishop Ambrus yake wa'azi. Ya fara zuwa domin ya ji iya maganar bishop, sai Maganar Allah ta kama shi. Monika ma ta haye teku ta same shi can. A 386, yana cikin wani lambu yana kuka saboda zunubinsa, ya ɗauki wasiƙun Bulus ya karanta Romawa 13:13-14, ya ba da ransa ga Almasihu. Aka yi masa baftisma a lokacin Ista na 387, tare da ɗansa.

A wannan shekarar, suna kan hanyar komawa Afirka, Monika ta kwanta ciwo a garin Ostiya ta rasu tana da shekara 56. Ba ta ga ranar da ɗanta ya zama bishop na Hippo ba, ba ta karanta littattafan da ikkilisiya take amfani da su har yau ba. Amma abin da ta roƙa ta gan shi da idonta.

Kada mu ɗauka ba ta da kuskure. Ta so ɗanta ya sami matsayi a duniya, har ta nema masa auren gidan manya, aka kori uwar Adiyodatus. Allah ya ji ta saboda alherinsa ne, kamar yadda yake jin kowannenmu.

Baba, mama, yaushe rabonku da ambaton sunan kowane ɗa naku a gaban Allah? Ayuba 1:5 ta nuna mana cewa Ayuba yakan tashi da sassafe ya miƙa hadaya domin 'ya'yansa, kowa da tasa, kullum. Wataƙila ɗanku ya tafi birni ya daina zuwa sujada, ko ya shiga shaye-shaye, kun yi faɗa har kun gaji. Monika ta yi fiye da shekara 10 tana jira. Ku tsai da lokaci kowace rana, ku kira sunayensu ɗaya ɗaya, kada kuma ku rufe musu ƙofar gida.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ga 'ya'yanmu a hannunka. Ka ba mu haƙuri mu jira lokacinka, ka komo da waɗanda suka ɓata. Cikin sunan Yesu, amin.