Asalin Aikin Gogar Ƙarfe a Ɗakin Gwaji

A shekarar 1863 ne Henry Clifton Sorby, masani ɗan birnin Sheffield na Ingila, ya goge guntun ƙarfe har ya yi ƙyalli, ya jiƙa shi da asid, wato ruwan sinadari mai cin ƙarfe, sannan ya duba shi da madubin ƙara girman abu, ya ga yadda ƙwayoyinsa suka jeru. Wannan aikin haƙuri, wanda ƙarzane ɗaya ke ɓata shi a koma farko, shi ma'aikatan ɗakunan gwaji suka gada a jami'o'i, har da ta Sheffield da aka kafa a 1905, kodayake sunan malami aka fi gani a sakamakon binciken.