Gwado da Jirgin Ƙaura

Idan hunturu ya kankama a arewacin Zamfara, hazo ya rufe sararin sama tun daga Kasuwar Daji har Zurmi da Shinkafi, dattawa suka kewaye wutar kara da sassafe suna jin ɗumi, galibi hirarsu ba ta wuce abu biyu da suke begensu, watau gwadon da suka lulluɓa da shi suna yara, da kuma jirgin ƙasa da yake kwana a tashar Ƙauran Namoda. Abin da ba safai ake faɗa ba a wannan majalisa shi ne, na biyun yana cikin manyan dalilan da suka kawar da na farkon.

A zamanin da, hunturu shi ne hutun manomi, domin an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, aka sami sararin bukukuwan aure da kokawa da damben mahauta, da tatsuniya a ɗakin tsohuwa bayan lisha. Amma hutun na maza ne kawai, su ma ba dukansu ba, gama a wannan lokaci ne auduga take fashewa a gona, kuma daga ranar da aka tsince ta har ranar da ta zama sutura, hannun mace ba ya hutawa. Sai ta gurje ta a kan dutse da 'yar sandar ƙarfe ta fitar da gurya, ta shiɓe ta da baka har ta yi laushi, sa'an nan ta zauna da mazari da alli a yatsa, tana murzawa tana ja, ta fitar da zare siriri na tsaye da abawa mai kauri ta kwance, alhali ga tuwon dare yana jiranta. Daga nan masaƙi ya karɓa, ya miƙe zarensa a gindin inuwa, ƙoshiya tana kaiwa da komowa, ya fitar da saƙa mai faɗin tafin hannu wadda za a ɗinke gefe da gefe. Wanda ya wadata ya kai marina a tsoma masa a baba, wanda bai wadata ba ya yafa nasa fari. Gwado ɗaya yakan yi shekaru a gida, ya tashi daga kan uba ya koma kan 'ya'ya, ya ƙare a matsayin shimfiɗar jariri.

A shekarar 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙaura, garin da ya ɗauki sunan Namoda, jarumin Alibawa na zamanin jihadin Shehu Usmanu, kuma Nasara ba su ja ƙarfen nan har ƙuryar daji don ziyara ba, sai don gyaɗa da auduga da fatu. Aka kafa fuloti, aka raba wa manoma irin auduga na Amurka wanda masaƙun Ingila suke so, kuma tun da haraji yana faɗowa daidai wannan lokaci na shekara, tilas mai gida ya kai audugarsa sikeli ya karɓi sulalla, maimakon ya bar wa matansa su kaɗa. Taragun da suka tafi da auduga su ne suka komo da akoko da alawayyo da atamfa. Bayan haka masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, ta Gusau ta biyo baya, yau kuwa su ma sun rufe, jirgin ya daina zuwa, kasuwa ta koma hannun dilolin gwanjo da bargon Sin.

Ba na musun cewa akwai ƙana'a da kwanciyar hankali a wancan zamani, musamman ga wanda ya ga yadda 'yan bindiga suka hana mutanen Zurmi da Shinkafi hirar dandali da tafiyar dare. Haƙiƙa mai begen jiya a wannan ƙasa yana da hujja. Sai dai sauƙin da ake ambato ya tsaya ne a kan wahalar matan da suka kwashe hunturu suna kaɗi da faso a ƙafa, don ladan da bai taka kara ya karya ba, kuma da za a saƙa gwado yau a biya kowane hannu hakkinsa, dattijon da ya fi kowa yabonsa a bakin wuta zai taya, ya ji kuɗin, ya wuce rumfar mai gwanjo.