Yadda Ake Zaɓar Malaman Da Za Su Rubuta Wa Ɗalibi Wasiƙar Shaida Zuwa Jami'o'in Amurka

A Najeriya, ɗalibin da ke neman gurbin karatu a jami'a ya fi dogara ne da makinsa na JAMB da sakamakon WAEC ko NECO. A Amurka kuwa, jami'o'i da dama, musamman waɗanda ake rububin shiga, sukan nemi wasiƙar shaida daga malaman da suka koyar da shi a sakandare. Wasiƙar ce ke bayyana halinsa da himmarsa a aji, abubuwan da takardar sakamako ba ta nunawa.

Wasiƙu nawa ake buƙata

Irin waɗannan jami'o'i sukan nemi wasiƙu biyu daga malamai, da ɗaya daga jami'in ba da shawara na makaranta. Inda babu wannan jami'i, shugaban makaranta ko mataimakinsa kan maye gurbinsa.

Jami'ar Harvard na neman malamai biyu masu koyar da darussa daban-daban. Cibiyar MIT tana son ɗaya daga malamin lissafi ko kimiyya, ɗaya kuma daga malamin harshe, tarihi ko makamantansu. Jami'ar California ba ta neman wasiƙa a lokacin cike takardar neman gurbi. Don haka ya wajaba ɗalibi ya duba ƙa'idar kowace jami'a kafin ya tunkari malami.

Malamin da ya dace

Abin dubawa na farko shi ne sanin da malami ya yi wa ɗalibi. An fi son wanda ya koyar da shi a aji biyu ko uku na babbar sakandare, a darasi mai nauyi kamar Turanci, lissafi ko kimiyya, domin shi ne ya ga aikinsa na baya-bayan nan.

Ba dole ne ya kasance wanda ya ba shi maki mafi yawa ba. Malamin da ya ga ɗalibi ya sha wuya a zangon farko, ya dage har ya farfaɗo, yana da hujjar da zai rubuta. Wanda kuma bai san komai game da shi ba sai suna da maki, yabon da zai yi ba zai wuce "yaro ne mai ladabi da ƙoƙari" ba, kuma masu tantancewa suna karanta irin wannan da yawa.

Wasiƙar basarake ko ɗan siyasa da bai taɓa koyar da ɗalibin ba ba ta maye gurbin ta malami, haka ma ta ɗan'uwa.

Lokacin nema

Jami'o'i da yawa na rufe karɓar takardun zagayen farko ranar 1 ga Nuwamba, na gama-gari kuma a farkon Janairu. Ya dace a sanar da malami aƙalla wata guda kafin wa'adin, a kuma tambaye shi ko zai iya rubuta shaida mai ƙarfi. Idan ya nuna jan ƙafa, gara a nemi wani. Wanda ya amince sai a ba shi taƙaitaccen bayani kan fannin da ake son karantawa da ayyukan da aka yi a ajinsa.

Sirrin wasiƙa

A manhajar Common App, wadda jami'o'i sama da 1,000 ke amfani da ita, malami ne ke tura wasiƙar da kansa. Dokar FERPA ta 1974 ta bai wa ɗalibi damar ganin wasiƙar bayan ya shiga jami'a, sai dai akasari ana shawartarsa ya yafe wannan dama, domin jami'o'i sun fi amincewa da shaidar da aka rubuta a asirce. Wasiƙar jabu kuwa na iya jawo a soke gurbin ko bayan an bayar.

Cibiyoyin EducationUSA da ke Abuja da Legas na ba ɗalibai shawara kan waɗannan matakai.