Adireshin Da Ba Ya Son Tafiya

Likitan da ke amsa kira ta Wi-Fi yana tafe daga wannan ginin asibiti zuwa wancan bai san cewa muryarsa na tsallake wata matsala da aka gada tun 1981 ba. A shekarar aka fitar da ƙa'idojin IP da TCP, aka ɗora wa lamba ɗaya kaya biyu. Adireshin IP shi ne sunan na'ura, shi ne kuma kwatancen unguwarta, domin farkon lambobin yankin sadarwa yake nunawa. TCP kuwa da adireshin ɓangarorin biyu yake gane kowace hira. Da zarar waya ta shiga wani yanki aka ba ta sabon adireshi, hirar ta yanke, saboda wancan ɓangaren baƙo yake gani. A ganina, kusan duk abin da aka yi cikin shekaru talatin na farko ɓoye tafiyar na'ura aka yi, ba a taɓa tushen ciwon ba.

Wani zai ce mutanen wancan zamani ba su hango kwamfuta mai yawo ba. Tarihi bai goyi bayan haka ba. A 1977 wata motar gwaji ta cibiyar SRI tana tafe a titunan Kalifoniya tana aika bayanai ta rediyo zuwa ARPANET da tauraron ɗan'adam, a 1978 kuma John Shoch na Xerox PARC ya bambance suna da adireshi da hanya. Sun san bambancin, amma da dalili suka haɗa suna da adireshi: na'urorin da ke raba hanya ba za su iya haddace inda kowace kwamfuta take ba, sai dai su haddace unguwanni. Zaɓin ya sa intanet ta iya girma, matafiyi ne ya biya kuɗinsa.

Ɗaya daga cikin magungunan farko shi ne Mobile IP, wanda Charles Perkins ya jagoranci rubuta shi, ya fito a 1996. Dabarar irin ta wasiƙar da ake aika wa ɗan ci-rani ce ta hannun wani: na'ura tana riƙe adireshinta na gida, wakilin gida ya karɓi saƙonninta, ya sake naɗe su, ya tura inda ta sauka. Bai yaɗu ba, don yana bukatar a koya wa kowace na'ura sabon hali. Amma dabarar ba ta mutu ba, komawa ta yi cikin ginin. Kamfanoni irin su Airespace, wanda Cisco ya saya a 2005, suka tara ikon tashoshin Wi-Fi a hannun na'urar kula guda. Idan waya ta ƙetare yanki, na'urar kular sabon yankin sai ta buɗe bututu zuwa ta yankin farko, wayar ta ci gaba da tsohon adireshinta ba ta ma san ta bar gida ba. Ƙa'idar 802.11r ta 2008 ta rage jinkirin tantancewa da tsaron 802.11i na 2004 ya jawo, sai dai sauya tasha ta gyara, ba ta shafi adireshi ba.

Akwai masu cewa a mai da harabar duka yanki ɗaya a huta. Wannan yana yi a ƙaramin ofis, amma dubban na'urori a yanki guda kan cika iska da saƙonnin cigiyar juna, raba baƙi da ma'aikata kuma ya yi wuya. Masu cewa ai bututun yana aiki su ma suna da gaskiya, sai dai bayanai na zagaye kafin su isa, kuma ranar da na'urar farko ta mutu, hirarrakin da ke rataye da ita na iya bin ta.

Gyaran da ya nufi tushe daga ƙa'idojin da ke gane hira ya zo. Multipath TCP ya fito a 2013, Apple ya sa shi a Siri a shekarar. QUIC, da aka tabbatar a 2021, ya ba kowace hira lambar shaidarta da ba ta dogara da adireshi ba, ta yadda waya za ta bar Wi-Fi ta hau layin kamfanin sadarwa hirar na nan. Amma na'urorin duba marasa lafiya da wayoyin ma'aikata da aka ƙera bisa tsofaffin ƙa'idoji za su daɗe suna aiki, don haka injiniyan asibitin har yau sai ya zauna ya haɗa bututun.