Randy Weston: Makaɗin Piyanon da Ya Bi Sawun Kiɗansa Har Afirka

A watan Disamba na 1961, Nijeriya tana da shekara ɗaya da ’yan watanni da samun ’yancin kai, wata tawagar Baƙaƙen Amurka ta sauka a Legas domin wani bikin al’adu. A cikinta akwai marubuci Langston Hughes, da mawaƙiya Nina Simone, da makaɗi Lionel Hampton. Akwai kuma wani dogon mutum, tsawonsa ya kai mita biyu, wanda duk inda ya tsaya sai an ɗaga kai kafin a ga fuskarsa. Sunansa Randy Weston, shekarunsa 35, kuma a wannan karon ne ya fara taka ƙasar Afirka. Sauran sun yi wasansu sun koma harkokinsu. Shi kuwa wannan tafiya ta zame masa mafarin wata hanya da bai sauka daga kanta ba har ƙarshen ransa.

An haife shi ranar 6 ga Afrilu 1926 a unguwar Buruklin ta birnin Niyok. Mahaifinsa, Frank Weston, ɗan Panama ne mai tushe a Jamaika, mai gidan abinci, kuma mabiyin ɗan fafutukar baƙar fata Marcus Garvey na gaske. Tun yaron yana ƙarami uban yake nanata masa cewa shi ɗan Afirka ne da aka haifa a Amurka, ya kuma cika gidan da littattafan tarihin daulolin Afirka, a zamanin da sinima ba ta nuna baƙar fata sai a matsayin ɗan dako a daji. Mahaifiyarsa, ’yar jihar Virginia, ita ta riƙa kai shi cocin baƙaƙe, inda ya sha waƙoƙin da jikokin bayi suka gada. Uban ne ya tilasta masa koyon piyano, shi kuma a lokacin hankalinsa yana wajen wasa da yaran unguwa. Cikin abokansa na Buruklin har da Max Roach, wanda daga baya ya zama gwanin ganga a duniyar jaz.

Babban malaminsa shi ne Thelonious Monk, kuma yadda ya yi karatu a wurinsa abin a tsaya a duba ne. Da farko da ya ji Monk yana kiɗa tare da makaɗi Coleman Hawkins, sai ya ɗauka mutumin bai iya ba, don yana buga wasu sautuka masu kama da kuskure, yana barin shiru a inda ake jiran kiɗa. Da kunnensa ya buɗe, sai ya je gidan Monk da tulin tambayoyi. Weston ya sha ba da labarin yadda ya zauna a ɗakin sa’o’i kusan tara, yana tambaya, maigidan bai tanka masa ba, sai da ya tashi tafiya aka ce ya sake dawowa. Da ya dawo, Monk ya zauna gaban piyano ya yi ta kaɗa masa na tsawon lokaci. Karatun ke nan. Duk wanda ya taɓa zama gaban wani dattijon malami a zaure, ko ya ga yadda ɗan makaɗi yake shekaru yana riƙe kalangu a bayan ubansa ba tare da an ce masa uffan ba, ya san irin wannan makaranta.

Bayan ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya tarar ƙwaya tana cin matasan unguwarsu. Sai ya kauce zuwa garin Lenox a jihar Massachusetts, yana aikin kicin da rana, da dare ya zauna gaban piyano. A can ya haɗu da masanin tarihin jaz Marshall Stearns, wanda yake koyar da cewa asalin wannan kiɗa daga Afirka ta Yamma yake. Abin da uba ya faɗa a gida, ga shi malami yana tabbatarwa da hujja. Faifansa na farko ya fito a 1954, a 1955 kuma mujallar Down Beat ta zaɓe shi sabon tauraro a fagen piyano. Cikin shekarun nan ne ya tsara “Hi-Fly” da “Little Niles”, wanda ya yi wa ɗansa, kuma har gobe makaɗan jaz suna kaɗa su.

Hannunsa na hagu ne abin ji. Weston yana son gindin piyano, wajen da sauti yake da kauri, yana dukansa kamar mai dukan tambari, ya bar amon ya gama yawo a ɗaki kafin ya ƙara wani. Shi a wurinsa piyano ganga ce mai bakuna 88.

A nan dole a ambaci Melba Liston, domin ba a yi mata adalci ba a yawancin labaran da ake bayarwa. Mai busa ƙahon tirombon ce, kuma gwana wajen rarraba wa kowane makaɗi abin da zai busa ko ya kaɗa. Weston yakan zo da kiɗan a kansa da yatsunsa, ita kuma ta shimfiɗa shi a takarda yadda mutum ashirin za su ɗauka su zama baki ɗaya. Sun yi kusan shekara arba’in suna aiki tare. Ko da shanyewar ɓarin jiki ta same ta a 1985, ta koyi rubuta kiɗa da kwamfuta, suka ci gaba har kusa da rasuwarta a 1999.

Aikinsu mafi nauyi shi ne Uhuru Afrika, wanda aka naɗa a watan Nuwamba 1960, shekarar da ƙasashen Afirka 17 suka karɓi mulkin kansu, ciki har da Nijar da Nijeriya. Langston Hughes ya rubuta kalmomin, aka juya wani sashe zuwa Suwahili, aka tara gwanaye irin su Clark Terry da Freddie Hubbard da Max Roach da Babatunde Olatunji na Nijeriya. Akwai kuma Yusef Lateef, wanda mutanen Zariya suka sani, don ya zauna a Jami’ar Ahmadu Bello a farkon shekarun 1980 yana nazarin sarewar Fulani. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta faifan a 1964, alamar saƙon ya isa inda aka aika shi.

Ya sake zuwa Legas a 1963, ya riƙa shiga gidan rawar makaɗi Bobby Benson yana saurare yana sa hannu, har ya ɗauki kiɗan Benson mai suna “Niger Mambo” ya sa a faifansa na Highlife. A 1967 gwamnatin Amurka ta tura shi da ’yan ƙungiyarsa zagayen ƙasashe 14, aka kammala a Maroko. Karɓar da aka yi masa can ta sa ya kwashe kayansa ya koma. Ya zauna a birnin Tanja, ya buɗe gidan kiɗa mai suna African Rhythms wanda ya riƙe har 1972.

A Tanja ne ya haɗu da Abdellah El Gourd, wanda ya shigar da shi cikin Ginawa. Su Ginawa jikokin mutanen da aka kwasa ne daga ƙasashen kudu da Sahara aka tsallaka da su Maroko a matsayin bayi, kuma har yau a cikin waƙoƙinsu suna ambaton Bambara da Fulani da Hausa. Kayan kiɗansu babban molo ne mai tsirkiya uku da suke kira gimbiri, mai kaurin murya, sai kacakacai na ƙarfe da ake tafawa da yatsu. Suna yin zaman dare guda cur, da turare, da tufafi masu launi daban-daban, kowane launi da nasa kiɗan, domin neman waraka. Bahaushen da ya san garaya ba zai ji baƙunci ba ko kaɗan. A wancan lokaci ana yi wa Ginawa kallon raini, ana ɗaukarsu mabarata masu kiɗa a kasuwa. Weston, wanda duniya ta riga ta san sunansa, ya zauna a gabansu zaman almajiri. Sai da ya daɗe yana roƙo kafin a bar shi ya halarci zaman daren, kuma ya ce ya yi kwanaki bai dawo daidai ba bayan abin da ya ji.

A ganina wannan ne ya bambanta shi da yawancin takwarorinsa. Makaɗan Amurka da dama sun sa wa faifansu sunan Afirka, sun sa riga mai zane, sun ɗauki hoto. Shi kuwa ya zo ya zauna, ya ci abincin mutane, ya yi shiru ya koya, ya kuma faɗi sunan waɗanda suka koya masa.

Bikin kiɗan da ya shirya a Tanja a 1972 ya bar shi cikin bashi har wuya. Abin da ya fitar da shi shi ne faifan Blue Moses, wanda ya gina kan wani kiɗan Ginawa na Sidi Musa. Kamfanin da ya fitar da faifan ya matsa masa ya yi amfani da piyanon lantarki, abin da bai so ba, amma faifan ya fi duk nasa kasuwa. Ya dawo Legas a bikin FESTAC na 1977. A 1992 ya tara manyan malaman Ginawa suka naɗi faifai tare, ya kuma riƙa hawa dandamali da su a Turai da Amurka. A 2001 Amurka ta ba shi lambar girmamawa mafi daraja da take bai wa makaɗan jaz, a 2010 kuma tarihin rayuwarsa ya fito da suna African Rhythms.

Bai ajiye kiɗa ba har tsufa. Ya rasu a gidansa na Buruklin ranar 1 ga Satumba 2018, yana da shekara 92. Mai karatu da yake da waya a hannu, ya nemi “Blue Moses” ko wani kiɗansa mai suna “African Cookbook”, ya kasa kunne ga hannun hagun nan, ya ji ko bai san wannan amo ba tun daga gida.