Idon da Muka Daina Dubawa

Yaran da ke kula da turakun sadarwa tsakanin Rano da Kibiya, da layi ya soma tsinkewa sai su ce sigina ta yi rauni, su zare akwati su sa sabo. Ƙarfi kaɗai suka sani, kuma abin yana ci mini rai. Mu da muka ga an haɗe sashen waya na P&T da NET aka kafa NITEL a 1985, ba haka aka rene mu ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya barin ka taɓa sukudireba sai ka kafa osiloskof ka nuna masa ido, wato siffar da sigina ke zanawa a allon osiloskof. Sigina mai matakai huɗu, -3 da -1 da +1 da +3, idanu uku take buɗewa, ɗaya bisa ɗaya, na'urar karɓa kuma ta ja iyakokinta a -2 da 0 da +2. Amma abin da ya iso ba shi aka aiko ba, hanya ta cinye rabonta. Dole AGC, mai daidaita ƙarfin sigina, ta fara auna matsakaicin ƙarfin da ya shigo, ta miƙe shi ya dace da ma'auni. Idan ta gaza da kashi ɗaya cikin uku, +3 ya sauko kan 2 daidai, ya zauna a kan iyaka, ƙaramar hayaniya ta isa ta jefa shi gidan maƙwabci. Mai matakai biyu ba ruwanta da wannan, sifili ne iyakarta ko ta yi ƙarfi ko ta yi sanyi. Shi ya sa yake cewa duk matakin da ka ƙara bashi ka ci: daga matakai biyu zuwa huɗu, tsayin kowane ido ya koma sulusi, asarar desibel 9.5 ke nan.

Da asuba cikin hunturu ake gane gwani. Iska ta kwanta hawa-hawa, igiyar maikuroweb ta iso ta hanya biyu, ka ga ido yana lumshewa alhali allurar ƙarfi ba ta faɗi can ba. Maigidana yakan ajiye shayinsa ya ce, "Kai yaro, wanne ya fara rufewa?"

Kukan da fakis ke yi kafin takarda ta fito ma aikin ke nan. Gaisuwa ce: mai aikawa ya turo jerin da mai karɓa ya riga ya sani, shi kuma ya daidaita ma'auninsa da shi. Robert Lucky na Bell Labs ne ya sa na'ura ta riƙa wannan gyara da kanta a 1965. Ban taɓa jin haushin hakan ba. Haushina shi ne an daina koya wa mutum abin da na'urar ke yi.

Da GSM ta zo ƙasar nan a 2001, da GMSK ta zo, wadda tsayinta ba ya canzawa, sai aka tashi masu gyara da ba su taɓa buƙatar sanin mataki ba. To ga 4G ta dawo da shi: 64-QAM matakai takwas ne a kowane gefe, wayar kuma da alamomin gwaji da turke ke saƙawa cikin sigina take gano ma'auninta. In hayaniya ta yi yawa, turke ya sauko da ita 16-QAM, ko QPSK. Mutumin ƙauyen Kibiya yana iya ganin sanduna cike a wayarsa, hoto kuwa ya ƙi buɗewa.